Yadda Ake Jam'in Sunayen Mutane a Turanci Ba Tare da Tuntuɓe Ba

Kwanakin baya aka miƙo mini takardar gayyatar walimar ƙarshen shekara, aka ce in duba kafin a kai ta wurin bugawa. Layin farko cewa ya yi: *All staffs, their wifes and childrens are invited.* Wanda ya rubuta ba jahili ba ne, yana da digirinsa, in ya buɗe baki yana Turanci sai ka gyara zama. Amma a cikin kalmomi takwas ya yi tuntuɓe sau uku, kuma duka ukun a wuri ɗaya ne: jam'in sunan mutane.

Ban ga laifinsa ba. Tun a firamare aka cusa mana cewa in kana son jam'i sai ka ƙara *s*, kuma gaskiya ne a mafi yawan kalmomi. Matsalar ita ce kalmomin da aka fi yawan faɗa su ne suka fi taurin kai, ba su bin doka. Mu ma haka Hausarmu take. Mutum ya zama mutane, mace ta zama mata, yaro ya zama yara, ɗa ya zama 'ya'ya, sarki ya zama sarakuna. Ba wanda ya zaunar da kai ya ba ka ƙa'idar waɗannan, kunne ne ya riƙe. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina gyaran rubutun mutane shi ne, ba mantawa da *s* ke kayar da mu ba, liƙa shi ne a inda an riga an gama jam'i. Don haka ga tsarin da nake bi in na tsaya a kan kalma, daga tambayar farko zuwa ta ƙarshe.

Mataki na farko: duba ko kalmar ta riga ta zama jam'i

Kalmomi huɗu ne tushen rigimar, ka haddace su kamar sunanka: *man* ya koma *men*, *woman* ta koma *women*, *child* ya koma *children*, *person* kuma ya koma *people*. Babu *mens*, babu *womens*, babu *childrens*. Wanda ya rubuta *childrens* daidai yake da mai cewa “yarori”.

*Men* ragowar tsohon Turanci ne na fiye da shekara dubu da suka wuce, lokacin da ake yin jam'in wasu kalmomi ta hanyar sauya wasalin tsakiya, irin yadda *foot* ke komawa *feet*, *tooth* ya koma *teeth*. *Woman* kuwa asalinta *wifman* ce, wato an haɗa kalmar mace da kalmar mutum, shi ya sa jam'inta ke bin sawun *man*. A nan akwai tarko na furuci. A rubuce ƙarshen kalmar ne ya sauya, amma a baki farkonta ne ke sauyawa: tilo “wuman”, jam'i “wimin”. Da yawa daga cikinmu muna furta su iri ɗaya, shi ya sa hannu ke rikicewa in an zo rubutu, sai ka ga *a women* ko *two woman*.

Labarin *children* ya fi daɗi. A da jam'in kalmar *cildru* ne, ya rikiɗe ya koma *childer*. Da tafiya ta yi tafiya sai mutane suka daina jin *childer* a matsayin jam'i, suka ƙara masa *en* irin na *oxen*. Ke nan *children* jam'i ne a kan jam'i. Kada abin ya ba ka mamaki, mu ma muna yi: namiji, maza, mazaje, mace, mata, mataye. Mai rubuta *childrens* hawa na uku yake son ɗorawa, ginin kuma ba zai ɗauka ba. *Brethren* ma irin wannan tsohon jam'i ne na *brother*, amma yau sai a bakin masu wa'azi da 'yan ƙungiya. 'Yan'uwanka na jini *brothers* ne.

Mataki na biyu: rarrabe tsakanin *people*, *persons* da *peoples*

Nan ne na fi daɗewa da ɗalibai, domin duka ukun kalmomi ne na gaskiya, kowace da gidanta.

*Person* da *people* ba ma dangin juna ba ne. Ta farko daga *persona* ta Latin ta fito, ta biyu daga *populus*, kuma duka biyun ta hanyar Faransanci suka shiga Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Amfani ne ya aurar da su, har *people* ta zama jam'in *person* na yau da kullum. In kana hira, ko wasiƙa, ko insha'in jarrabawa, *people* za ka ce: *one person, two people, many people.* Aikatau ɗinta kuma na jam'i ne koyaushe: *people are*, *people have*, *people say*. Ba a cewa *people is*.

*Persons* ta harshen doka ce da takardun hukuma, inda ake ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya kamar a rajista. Ita ce a cikin *internally displaced persons*, wato 'yan gudun hijirar da ba su bar ƙasarsu ba, waɗanda muke ji ana kira IDP a Maiduguri da sauran wurare. Ita ce a ƙarshen sunan hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, *Trafficking in Persons*. Ita za ka gani a sanarwar 'yan sanda ta *missing persons*, da jikin na'urar hawa bene inda aka rubuta adadin mutanen da take ɗauka. In ka ce wa abokinka *five persons came to my house*, ba ka karya nahawu ba, amma zai ji kamar rahoto kake rubutawa a caji ofis.

*Peoples* fa? Ita ce “al'ummomi”. Domin *people* tana da ma'ana ta biyu, wato al'umma guda mai harshenta da tarihinta, kuma a wannan ma'anar ana iya sa mata *a*, ana iya ƙara mata *s*. *The Kanuri are a proud people*: Barebari al'umma ce mai ji da kanta. *The peoples of the Lake Chad basin*: al'ummomin yankin Tafkin Chadi, Barebari da Shuwa da Buduma da sauransu. Yarjejeniyar kare haƙƙi da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981 sunanta *African Charter on Human and Peoples' Rights*, domin tana magana ne a kan haƙƙin ɗaiɗaikun mutane da kuma na al'ummomi. Gwajin da nake bayarwa mai sauƙi ne: fassara jimlar a zuciyarka. In “mutane” ta zauna daidai, *people* ce. In sai “al'ummomi” ko “ƙabilu” za ta yi, to *peoples*. Ba za ka ce “al'ummomi sun cika kasuwa” ba, don haka ba za ka rubuta *peoples filled the market* ba.

Sai kuma *the people*, jama'ar ƙasa, talakawa masu zaɓe. Tsarin mulkin Amurka na 1787 da *We the People* ya fara, namu na 1999 ma da *We the people of the Federal Republic of Nigeria* ya buɗe, kuma duk ɗan makaranta ya haddace maganar shugaban Amurka Abraham Lincoln ta 1863 a kan mulkin jama'a, *government of the people, by the people, for the people*. Duk da miliyoyin da ake nufi, babu *s* a ko'ina.

Mataki na uku: in kalmar ta ƙare da *man*, tambayi ko mutumin na ciki

*Policeman, chairman, watchman, fisherman, herdsman, gunman, gentleman, Englishman*: duka waɗannan an gina su ne da kalmar *man*, don haka jam'insu *policemen, chairmen, watchmen, fishermen, herdsmen, gunmen, gentlemen, Englishmen*. Na mata ma haka: *policewomen, businesswomen*. A bakin Bature *gunman* da *gunmen* kusan sautinsu ɗaya, aikatau ne ke gaya maka ko mutum ɗaya ne ko gungu.

Amma akwai waɗanda kama ce kawai, kuma ka san kama da wane ba ta wane. *Human* daga *humanus* ta Latin take, ba ruwanta da *man*, jam'inta *humans*. *German* sai *Germans*, *Roman* sai *Romans*, *Ottoman* sai *Ottomans*. Dabarar ganewa: gwada mayar da kalmar ta mace. Ana cewa *policewoman*, ana cewa *Englishwoman*, amma babu wata *Gerwoman* ko *huwoman* a duniya. In ta mace ba ta yiwu ba, *s* kawai za ka ƙara.

Yanzu da ake gudun bambanta mace da namiji a muƙami, an samu *chairperson* da *spokesperson*. Jam'insu *chairpersons*, da *spokespersons* ko *spokespeople*, duka biyun suna tafiya.

Mataki na huɗu: gane sunan taro

Wannan shi ne ramin da *staffs* ya faɗa. Akwai kalmomin da a jikinsu tilo ne, amma taron mutane suke nufi, irin waɗanda malaman nahawun Hausa ke kira tattarau. Mafi kusa da su a wurinmu ita ce “jama'a”. Kana iya cewa “jama'a ta taru”, kana iya cewa “jama'a sun taru”, ba wanda zai ɗaga maka gira. Amma ba za ka nuna mutum ɗaya ka ce “ga jama'a guda” ba.

Haka *staff* take. Ma'aikatan wuri gaba ɗayansu take nufi. Ba a cewa *I am a staff*, ba a cewa *ten staffs*. Mutum ɗaya *a member of staff* ne ko *a staff member*, goma kuma *ten members of staff*, a Ingila ma har *ten staff* suna faɗa. *Personnel* ma ba ta ɗaukar *s*, duk da yadda jaridunmu ke son *security personnels*. *Electorate* masu zaɓe ne dukansu a dunƙule. Ɗan siyasar da ya hau mumbari yana gode wa *electorates* ɗinsa, *voters* yake nufi. *Offspring* 'ya'ya ne, ɗaya ko ashirin, ba ta sauyawa. *Couple* miji da mata ne su biyu, don haka a bikin aure guda *couple* ɗaya ce, *couples* sai in auren gata ake yi irin wanda ake ɗaura wa mutane da yawa rana ɗaya. Kishiyar wannan kuskure ita ce *parent*: uwa ko uba ɗaya ne. Iyaye biyu *parents* ne, kuma *my parent are* ba ta da wurin zama.

Sai batun aikatau. Ga *family, team, committee, government, audience, crew, staff*, Turawan Ingila suna yin yadda muke yi da “jama'a”. In suna kallon taron a matsayin abu guda sai su ce *the committee has decided*. In suna kallon mutanen da ke ciki, musamman in kansu ya rabu, sai su ce *the committee are divided*. Duk mai sauraron sharhin ƙwallon Firimiya ya sha jin *Arsenal are leading* ko *Nigeria have scored*, ba kuskure ba ne. Amurkawa kuwa sun fi tsayawa a kan tilo: *the team is*. Shawarata ga mai zana WAEC ko NECO ko JAMB: ɗauki tilo sai in jimlar da kanta ta nuna mutanen ciki ake nufi, kuma duk wanda ka ɗauka ka riƙe shi har ƙarshen jimla. Kada ka fara da *the team is* ka ƙare da *their*.

*Police* ita kaɗai ba ta da wannan zaɓi. Jam'i ce a Ingila, jam'i ce a Amurka: *the police are investigating*, *the police have arrested him*. Ka ɗauke ta a matsayin “'yan sanda”, ba “ɗan sanda” ba, shi ke nan ka huta. Guda ɗaya *a police officer* ne.

*Youth* na da fuska uku. Ƙuruciya ce, kamar a *in my youth*. Matasan ƙasa ne a dunƙule, kamar a sunan shirin bautar ƙasa da gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1973, *National Youth Service Corps*. Sannan saurayi guda ne, *a youth*, jam'i *youths*. Mu a nan muna cewa *our youths* da alfahari, amma a jaridun Ingila *youths* ta fi fitowa a labarin samarin da suka yi ta'adi. In kana rubuta wa mutanen waje, *young people* ta fi tsabta. Tunda an ambaci *corps*, a sani “ko” ake furta ta, *p* da *s* ba su fita. In ka furta su ka koma *corpse*, wato gawa, kuma ba ɗan bautar ƙasar da zai so a kira shi haka.

Mataki na biyar: sifa mai *the* a gaba, da sunayen mutanen ƙasashe

Turanci na ɗaukar sifa ya sa mata *the*, sai ta zama sunan rukunin mutane: *the poor, the rich, the sick, the elderly, the unemployed, the dead, the injured*. Jam'i ne da kansu, suna tafiya da *are*, ba su karɓar *s*. *The poors* ba Turanci ba ne, haka *a poor* shi kaɗai. Sai ka ce *a poor man*. Mu da muka saba da talaka da talakawa, makaho da makafi, hannunmu na ƙaiƙayin ƙara wani abu, sai a danne. Biyu ne suka fita daban: *the accused* da *the deceased* suna iya zama mutum ɗaya, suna iya zama da yawa. A rubutun zamani kuma an fi son *blind people* da *deaf people* a kan *the blind* da *the deaf*, don girmamawa.

Mutanen ƙasashe kashi uku ne. Masu ƙarewa da *an* ko *i* suna ɗaukar *s* lafiya lau: *Ghanaians, Chadians, Cameroonians, Egyptians, Saudis, Iraqis, Somalis*. A kula da maƙwabta biyu da harafi ɗaya ya raba: *Nigerians* 'yan Najeriya, *Nigeriens* 'yan Nijar. Masu ƙarewa da *ese* ba su motsi: *the Sudanese, the Chinese, the Senegalese, the Togolese, the Japanese*, haka ma *the Swiss*. Ga mutum ɗaya, *a Chinese man* ko *a Sudanese woman* ta fi daɗin ji a kan *a Chinese* tsirara. Kashi na uku su ne *the English, the French, the Dutch, the British, the Spanish*, waɗanda sifofi ne irin *the poor*. Mutum ɗaya daga cikinsu sai an nemo masa wata kalma: *an Englishman, a Frenchwoman, a Briton, a Spaniard*.

Sunayen ƙabilunmu kuwa Turanci bai tsayar musu da doka guda ba. Za ka ga *the Hausa* da *the Hausas*, *the Fulani* da *the Fulanis*. Littattafan ilimi sun fi amfani da marar *s*, ni ma ita nake bi. Abin da ba na so shi ne a ɗauki jam'inmu a sake yi masa jam'i, a rubuta *Hausawas* ko *almajirais*. Ko dai *almajiris* ko *almajirai*, ɗaya ya isa.

Mataki na shida: a harɗaɗɗen suna, nemo wanda ake ƙirgawa

In suna ya ƙunshi kalmomi biyu ko uku, tambayi kanka: wane ne mutumin a nan, wace kalma ce kuma bayani kawai? Mutumin ke ɗaukar *s*. A *mother-in-law*, uwar ce mutum, *in-law* bayani ne, don haka *mothers-in-law, brothers-in-law, sons-in-law*. Hausa ma haka take yi: ɗan sanda ya zama 'yan sanda, ba “ɗan sanduna” ba, mai gadi ya zama masu gadi. Da wannan ma'aunin za ka fitar da *passers-by, runners-up, heads of state, commanders-in-chief, editors-in-chief*. Surukai a dunƙule kuwa *in-laws* ne, domin a nan babu wata kalmar da za ta ɗauki nauyin.

Muƙaman da suka ƙare da *general* su ne ke ruɗa har manyan 'yan jarida. A *Secretary-General, Attorney-General, Director-General, Inspector-General, Accountant-General*, kalmar *general* sifa ce da aka ajiye a baya irin tsarin Faransanci, ma'anarta “na gaba ɗaya”. Sakataren ne mutum. Boutros Boutros-Ghali na Masar da Kofi Annan na Ghana, 'yan Afirka biyu da suka jagoranci Majalisar Ɗinkin Duniya, *Secretaries-General* ne. Taron manyan lauyoyin jihohi taron *Attorneys-General* ne. Amma a soja janar ɗin shi ne mutumin, don haka *major generals, brigadier generals, lieutenant generals*. Haka *vice-chancellors* da *deputy governors*, *s* a ƙarshe.

Wasu ba su da suna a cikinsu ko kaɗan, sai a jefa *s* a wutsiya: *grown-ups, go-betweens*. In kuma *woman* ce a gaba tana bayyana jinsi, duka kalmomin biyu ke sauyawa: *a woman doctor*, *women doctors*, *women leaders*, *women farmers*.

Mataki na bakwai: sauran duka, ƙara *s*, amma lura da harafin ƙarshe

Nan ba sai an daɗe ba. In kalmar ta ƙare da sautin shuu ko suu, *es* ake ƙarawa: *bosses, witnesses, coaches, princesses*. *Monarch* da *patriarch* sun tsira domin *ch* ɗinsu “k” ake furta shi: *monarchs*. In *y* ta biyo bayan baƙi sai ta koma *ies*: *ladies, babies, secretaries, spies, deputies*. In ta biyo bayan wasali a bar ta: *boys, attorneys*. *Wife* ta koma *wives*, tare da *midwives, housewives, co-wives*. *Thief* ya koma *thieves*. Amma *chief* ya ƙi, *chiefs* ne. Sarki da ɓarawo ba su bin hanya ɗaya, da haka nake tunawa. *Hero* sai *heroes*.

Baƙin kalmomi wasu sun zo da jam'insu daga gida. Tsohon ɗalibi *alumnus* ne, tsohuwar ɗaliba *alumna*, jam'i *alumni*, in mata ne zalla *alumnae*. Don haka *I am an alumni* daidai yake da “ni tsofaffin ɗalibai ne”. *Ulama* jam'i ne tun daga Larabci, ba ya buƙatar *s*, haka *mujahideen*. *Taliban* ma jam'i ne a harshen Pashto, daga kalmar Larabcin nan da ta ba mu “ɗalibi”. *Imam, sheikh, emir, sultan* kuwa sun zama 'yan gida: *imams, sheikhs, emirs, sultans*. Jam'in *Mr* a wasiƙun kasuwanci *Messrs* ne. In iyali kake nufi da sunan mahaifinsu, *s* ne ba tare da wata alama ba: *the Obamas, the Kennedys*, kuma ka ga *y* ba ta sauya a sunan yanka.

Mataki na takwas: mallaka

Sai ka gama jam'i tukuna kake waiwayar waƙafin saman nan mai nuna mallaka. In jam'in ya ƙare da *s*, alamar kaɗai za ka sa a bayansa: *girls' school, teachers' salaries, ladies' wear*. In bai ƙare da *s* ba, sai ka ƙara alamar da *s*: *men's, women's, children's, people's*. Ranar yara ta 27 ga Mayu *Children's Day* ce, ranar mata ta duniya ta 8 ga Maris *Women's Day*, ta ma'aikata ta 1 ga Mayu kuma *Workers' Day*. Dubi inda alamar ta zauna a kowace. *The girl's school* makarantar yarinya ɗaya ce, *the girls' school* makarantar 'yan mata. A harɗaɗɗen suna mallaka can ƙarshe take zuwa, saɓanin jam'i: *my brother-in-law's car*. Kuma alamar ba ta yin jam'i ko kusa. Allon da aka rubuta *Tailor's wanted* a ƙofar shago tela ɗaya ma bai samu ba.

Mataki na tara: sake karanta jimlar gaba ɗaya

Kalma na iya zama daidai, maƙwabtanta su tona mata asiri. Abu na farko da nake dubawa shi ne lamba, domin nan Hausa ke yi mana ƙafar ungulu. Mu muna cewa “mutum uku”, “soja goma”, muna barin sunan a tilo tunda lambar ta riga ta faɗi yawan. Turanci ba ya yafe wannan: *three people, ten soldiers, five men*. Wuri ɗaya ne sunan ke zama tilo bayan lamba, shi ne in an haɗa su sun zama sifa a gaban wani suna: *a ten-man committee*, *a five-year-old girl*. Ba a cewa *a ten-men committee*.

Na biyu, *one of*. Ɗaya daga cikin mutane da yawa ake nufi, don haka sunan jam'i ne, aikatau kuma tilo: *one of my friends is a doctor*. *One of my friend* na cikin kurakuran da na fi cin karo da su, ko da yake a Hausa ba wanda zai ce “ɗaya daga cikin abokina”.

Na uku, *everybody, everyone, nobody, each*. Ko da mutum dubu ne a zauren, *everybody is here* ake cewa, kamar yadda muke cewa “kowa ya zo”, ba “kowa sun zo” ba. Amma wakilin sunan da zai biyo baya yana iya zama *they* ko *their*: *everybody should bring their pen*. Wasu malamai na ja da wannan, sai dai Turawa suna yin sa tun ƙarni na 14, kuma ya fi *his or her* sauƙi a baki.

Sai ƙananan da ke kewaye da suna. *Many people*, ba *much people* ba. *Fewer students* a rubutu na tsanaki, ba *less students* ba. *A number of teachers are absent*, amma *the number of teachers is small*: a ta farko malaman ake magana a kai, a ta biyu adadin. *These people* da *those children*, ba *this people* ba. Kunnenmu ne ba ya raba gajeren wasalin *this* da dogon na *these*, sai hannu ya bi kunne.

Takardar gayyatar nan da na faɗa, na gyara ta ta koma *All members of staff, their wives and children are invited*, na mayar ina jin na gama aiki. Wata malama da ke zaune a gefe ta karɓa ta karanta, ta ɗago ta ce, “To Malam, mu da muke da mazaje fa, a gida za mu bar su?” Sai da aka goge *wives* aka sa *spouses* kafin a kai wa mai bugawa.